Ina ya dace a kafa kamfas na na'urar tuƙi a jirgin faiba?

Ɗan Yawuri:
Assalamu alaikum. Ina da jirgin faiba mai inji a baya, wanda nake dakon kaya da shi daga Yauri zuwa garuruwan bakin tafkin Kainji, kuma na sayi na'urar da ke riƙe sitiyari da kanta, wadda take aiki da kamfas, wato abin da ke nuna mata alƙiblar jirgi. Mai haɗa wayoyi yana so ya kafa kamfas ɗin a ƙarƙashin teburin sitiyari, inda batir da rediyo suke, domin wayar ba za ta yi tsawo ba. Shin wurin ya dace?

Injiniya daga Birnin Kebbi:
Wa alaikumus salam, Alhaji. Wurin bai dace ba. Kamfas ɗin yana auna maganaɗisun ƙasa ne, wanda ba shi da ƙarfi sosai, saboda haka duk wani ƙarfe, ko sifikar rediyo, ko wayar batir mai ɗauke da wuta yana iya karkatar da shi, sai jirgin ya riƙa lanƙwasa hagu da dama da zarar an kunna fitila. A nisanta shi da waɗannan da aƙalla mita 1, a kafa shi ƙasa-ƙasa kusa da tsakiyar jirgin inda tangaɗi ya fi sauƙi, a daidaita shi kada ya jirkice, kibiyarsa tana kallon goshin jirgi. Sukurorin su zama na tagulla, ko kuma a gwada su da mayen ƙarfe tukuna. Kafin a huda ko'ina, a ɗora ƙaramin kamfas na hannu a wurin, a tayar da inji, a kunna kayan wuta ɗaya bayan ɗaya. Idan allurar ta motsa, a nemi wani wuri.

Tsohon matuƙi, Ngaski:
Injiniya ya yi bayani, sai dai akwai abin da littafin na'urar ba zai ambata ba, wato irin lodinmu. Ranar kasuwa ana ɗora babura, da tukwanen gas, da bandir na kwanon rufi, kuma tsakiyar jirgin nan da aka ambata ita ce mazauninsu. Na'urar tana iya koyon ƙarfen da ke zaune dindindin ta gyara lissafinta, amma ba ta iya gyara ƙarfen da yau yana nan gobe babu. A ganina, Alhaji, gara ka matsar da kamfas ɗin gaba kaɗan, ka hana yaran jirgi ajiye kayan ƙarfe a kewayensa.

Injiniya daga Birnin Kebbi:
Gaskiya ne, Baba, kuma matsarwar ba za ta yi illa sosai ba, domin yankinmu yana kusa da inda layukan maganaɗisun ƙasa suke kwance, don haka kuskuren da tangaɗi ke jawowa bai kai na ƙasashen Turai ba. Bayan an kafa, a fita ruwa mai kwanciya da sassafe, a zagaya a hankali sau biyu ko fiye, kowane zagaye kamar minti 2 zuwa 3, har na'urar ta kammala saiti. Idan ta nuna karkata fiye da digiri 15, a sauya wurin. Kada kuma a gwada ta da GPS a cikin kogin Neja inda ruwa ke gudu, domin GPS yana nuna inda jirgin yake tafiya ne, kamfas kuwa inda goshinsa yake kallo; a bari sai an shiga faɗin tafkin.