Wace kalma za mu ba "impact" na bincike? Ni dai "auki" nake gani

Mai fassara a gidan rediyo, Maradi:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Wata kalma ta tsaya mini a maƙogwaro tun ranar Litinin, na kawo ta nan a taya ni.

An ba ni takarda da Faransanci in mayar Hausa don shirinmu na makiyaya. Magana ce kan binciken da masana ke yi game da cututtukan dabbobi da bairos ke kawowa, da alluran rigakafinsu. Kalmomi biyu ke ta dawowa a ciki. Ta farko "production scientifique", wato yawan takardun da masani ya rubuta aka buga a mujallu. Wannan ba ta ba ni wuya ba, na ce girbin bincike, tunda ƙirga shi ake yi kamar dammunan hatsi a bakin rumbu. Ta biyun ce ta hana ni barci: "impact".

Na san kowa zai ce tasiri. Ni ma shi na fara rubutawa. Na karanta wa Inna jimlar, "binciken ya yi babban tasiri", ta dube ni ta ce, "To, mi ya yi?" Matar da ke da jajayen awaki tara ke nan, wadda shekarun baya annobar nan ta majina da zawo ta shiga garkenta. Ina tuna yadda take jiƙa tsumma da ruwan ɗumi tana goge musu kwantsar da ta manne idanu, bakinsu duk gyambo, ba sa iya ko taɓa harawa. Cikin mako biyu igiyoyi biyar suka zama babu kowa a jikinsu. In kalma ba ta gaya wa irin wannan mata komai ba, ban ga amfaninta a rediyo ba.

Jiya tana tuƙa tuwo na ji ta ce wa ƙanwata, "Hatsin bana ba shi da auki, tiya guda ba ta kai mu ko'ina." Nan take na ce ga ta. Tiya ita ce girbi, abin da aka auna. Auki kuwa sai an ɗora tukunya ake ganinsa, a ga baki nawa ya ciyar, ya kai kwana nawa. Me zai hana mu ce aukin bincike?

Tsohon ma'aikacin kiwo, Tibiri:

Wa alaikumus salam ɗana. Kalmar ta yi mini, kuma bari in ba ka misalin da za ka riƙa jingina ta da shi.

Bushiya, cutar shanu. Yaran yanzu ba su san ta ba, alhamdu lillahi. Ita ce ta share shanun Afirka a ƙarshen ƙarni na 19, har makiyaya suka raɗa wa wannan annoba suna "sannu", don gaisuwar da ake ta yi wa juna ke nan. Wani likitan dabbobi ɗan Ingila, Walter Plowright, shi ya samar da allurar da ta yi maganinta, yana aiki a Kenya, wajen 1960. Allura ɗaya, saniya ta tsira har ta mutu. Da ita aka buɗe babban kamfen yi wa shanu allura a 1962 a ƙasashen tafkin Cadi, har da Nijar.

Sai dai allurar ba ta son zafi. Mu da munka yi yawo da ita mun san wahalarta: firigo mai kananzir, akwatin sanyi, ƙanƙara ta narke tun ba ka kai rugar farko ba. Wata rana mun tashi da asuba za mu arewacin Dakoro, mota ta mutu a yashi, kafin la'asar ƙanƙarar ta zama ruwan wanka. Kwalabe duka munka zubar, Fulani na tsaye da shanunsu tun hantsi suna jiranmu. Har gobe in na tuna fuskar dattijon da ya tarye mu, jikina sanyi yake yi.

Daga baya wani Ba'amurke, Jeffrey Mariner, da abokan aikinsa sunka gyara yadda ake busar da allurar, ta zama tana iya kai wata guda ba firigo. A nan Nijar anka gwada ta a daji, an buga sakamakon a 1990. Takarda ce 'yar ƙarama, in girbi ake ƙirgawa ba ta fi dami guda ba. Amma da allurar da anka gyara anka shiga wuraren da mota ba ta zuwa a gabashin Afirka, a ƙafa da raƙumi. An ga cutar karo na ƙarshe a Kenya a 2001, a 2011 anka shelanta cewa babu ita a duniya. In wannan ba auki ba ne, ban san mi ake kira auki ba.

Malama a jami'a, Maradi:

Baba, Allah ya ƙara girma, misalinka ya zauna. Amma Malam mai fassara, ina da ja, kuma ba ƙarami ba.

Mu a jami'a in an ce "impact", sau da yawa ba akuyar Inna ake nufi ba. Ana nufin sau nawa wasu masana suka kafa hujja da takardarka a nasu rubutun. Akwai ma'aunin da Eugene Garfield ya fito da shi na auna mujallu, yana duba sau nawa aka ambaci takardun da mujalla ta buga cikin shekara biyu da suka wuce. Akwai wanda Jorge Hirsch ya kawo a 2005 na auna masani shi kansa. Mu kuma ƙarin girmanmu yana bi ta hukumar CAMES da ke Wagadugu, mai tantance malaman jami'a, kuma takardun da ka buga ne jigon abin da za ka miƙa. In ka fassara wannan da auki, ka yi wa mai sauraro alkawarin abin da takardar ba ta faɗa ba. Zai ɗauka an ce dabbobi sun tsira, alhali an ce ne wasu masana a Faransa ko Indiya sun karanta.

Mai fassara a gidan rediyo, Maradi:

Malama, na gode, kin taɓo inda ban duba ba. Na koma takardar, na ga lallai kalma ɗaya suka yi wa aiki biyu. A shafin farko ƙirgen ambato suke nufi, a can gaba kuma raguwar mutuwar dabbobi. Wato su ma kalmar ta yi musu ƙaranci, sai dai sun saba. Mu da muke da dama tun daga farko, don me za mu ɗauko cunkoson tare da kalmar? A raba su. Na farko a ce ambato, yawan ambaton da takarda ta samu. Malamanmu na zaure ma sun san wannan, littafin da ake yawan cewa "kamar yadda wane ya faɗa" an san matsayinsa. Na biyun shi ne auki.

Ɗalibin aikin gona, Tasawa:

Yaya, ni tasiri ya fi kwanta mini. Shi ake ji a kafafen labarai kullum. Kuma auki alheri kawai yake nufi. In bincike ya jawo ɓarna fa?

Mai fassara a gidan rediyo, Maradi:

Ƙanena, gaskiyarka a nan. In ɓarna ce, ko abin da ba a san alheri ne ko sharri ba, tasiri na nan, ba wanda ya kore shi. Ni inda ake maganar amfanin da ya isa ga mutane nake nema wa suna. Na gwada "amfani", ya yi faɗi, komai ma amfani ne. Na gwada "albarka", na ga ita ta Allah ce, ba a sa mata ma'auni. "Sakamako" kuwa abin da aka gano ne a ɗakin gwaji, tun bai fita ƙofa ba.

Malama a jami'a, Maradi:

Na yarda da rabawar. Saura abu ɗaya da ke damuna, don ɗalibaina nake tsoro. Kada kalmar ta zama sandar dukan wanda bincikensa bai nuna amfani yau-yau ba. Wasu masana biyu, Loeffler da Frosch, a Jamus, a 1898, sun tace ruwan ƙurajen ciwon baki da kofato ta matatar da ke tare bakteriya, suka ga ruwan da ya wuce yana sa wa lafiyayyar saniya cutar. Daga nan aka san akwai wani abu da ya fi bakteriya ƙanƙanta da ke kama dabbobi. A ranar ba su ceci ko maraƙi ɗaya ba.

Ko cutar da ta kashe awakin Inna. An fara bayyana ta a Kodebuwa a 1942. Irin bairos ɗin da ake allurarta da shi a yau an samo shi a Najeriya a 1975, shi ya sa ake ce masa Nigeria 75/1. Sai a 1989 Adama Diallo da abokan aikinsa suka buga cewa sun raunana shi har ya zama allura. Shekara 14 tsakani. Wanda ya ɗebo ƙwayar daga jikin dabba mara lafiya a 1975, da an tambaye shi aukin aikinsa a lokacin, me zai ce?

Tsohon ma'aikacin kiwo, Tibiri:

'Yata, ai nan ne kalmar ta fi ƙarfi. Ba mai cewa hatsin da ke rumbu ba shi da auki, cewa ake yi ba a dafa ba tukuna. Uwargida ba ta yanke wa hatsi hukunci sai ya shiga tukunya. Kuma ko hatsin kirki ne, in mai tuƙi bai iya ba, ko itace ya ƙare tuwo bai nuna ba, ba za a ga komai ba.

Mun gani da idonmu. Da babban kamfen bushiya ya ƙare a 1976, anka saki jiki, anka bar yi wa maruƙa allura. Farkon shekarun 1980 ta dawo ta yi ɓarna, sai da anka sake sabon kamfe na Afirka duka a 1986. Allurar Plowright ba ta sake ba, masu hura wuta ne sunka tashi.

Haka nake jiye wa wagga ta awaki. An yi alkawari a Abijan a 2015 cewa za a kawar da ita nan da 2030. Allura akwai, ɗakin gwaji na LABOCEL na nan a Yamai yana aikin alluran dabbobi, akwai cibiyar PANVAC a Habasha mai duba ingancinsu. Amma akuya ba saniya ba ce. Jar akuyarmu ta Maradi tagwaye take zubawa, ga yanka, ga saye da sayarwa kowace kasuwa. Garken da ka yi wa allura bana, baɗi ka tarar da shi cike da sababbi. Ga kwalba in an haɗa ta da ruwa, awoyi kaɗan gare ta, in mata ba su fito da awakin da wuri ba ta lalace a hannunka. To in za a auna aukin wanga bincike, a ɗebi jinin awaki bayan kamfe a ga nawa sunka samu garkuwa, a kuma tambayi mata nawa sunka rasa a wannan rani.

Malama a jami'a, Maradi:

Shi ke nan Baba, na sauka. Zan gwada su a aji ranar Alhamis: girbi ga yawan takardu, ambato ga ƙirgen masu kafa hujja, auki ga abin da ya isa garke. Sharaɗina ɗaya, in ba a auna ba, a ce "ba a ga aukinsa ba tukuna", kada a ce "ba shi da auki".

Mai fassara a gidan rediyo, Maradi:

Na karɓi sharaɗin, Malama. Baba, Allah ya saka da alheri. Ga yadda jimlar ta koma:

"Masana sun yi girbi mai yawa kan annobar awaki da tumaki, takardunsu sun samu ambato a duniya. Abin da ya rage shi ne a ga aukin binciken a garken talaka."

Na karanta wa Inna ɗazu bayan magariba. Ta ajiye ludayi ta ce, "To a gaya musu su riƙa sanar da mu ranar allura tun da kwana biyu, don bara awakina suna daji masu allurar suka zo suka wuce." Zan sa wannan ma a shirin na gobe, da muryarta in ta yarda.