Ƙanwata na son sassaƙar ƙarfe, akwai macen da ta taɓa yi?

Yar Rikkos:
Salam jama'a. Dan Allah shawara nake nema, ƙanwata ta gama sakandare ta kafe ita sassaƙa za ta karanta, kuma wai ba ta itace ba ta ƙarfe, har ta fara zuwa Dilimi a nan Jos wajen masu walda tana kallo. Baba ya ce shi bai taɓa jin mace da wannan sana'ar ba. Akwai wadda ta taɓa yi har ta ci abinci da shi?

Malamin Zane:
Akwai mana. Ki ce ta duba Inge King a intanet. A Berlin aka haife ta 1915, Bayahudiya ce, ta bar Jamus a 1939 saboda Hitler, ta yi karatu a Landan da Glasgow, ta auri wani ɗan Ostireliya Grahame King suka koma Melbourne a 1951. Da farko itace da dutse take sassaƙawa, kasuwa ba ta tafiya, har sai da ta riƙa ƙera zobba da kayan kwalliya tana saidawa. Walda kam sai 1959 ta kama, ta haura 40 fa lokacin. Babban aikinta Forward Surge, wasu manyan baƙaƙen ƙarafa ne guda 4 a lanƙwashe kamar igiyar ruwa, an kafa su 1981 a Melbourne, yara na hawa suna wasa a kai. Ta rasu 2016 tana da shekara 100.

Oga Mai Walda:
Malam ka faɗa mata dukka, manyan nan ba da hannunta ta haɗa ba, ƙaramin samfuri take yi sai kamfani ya ƙera babban. Kuma can ba Jos bane, nan ranar da ba wuta man janareto kaɗai zai cinye ribar. Ni dai in za ta koya ta fara da ƙofa da taga, kuma kar ta taɓa waldar ba gilashi, wlh ido ba wasa.

Maman Biyu:
Ni ina ga damuwar Baba maganar gumaka ce. Ki nuna masa hotunan, yawancin manyan ayyukan matar nan zobba ne da faifan ƙarfe, ba siffar mai rai. Sannan ki ciro naira 20 ya ga Ladi Kwali, tukwane ne suka kai ta.

Yar Rikkos:
Na gode sosai. Oga, kana ɗaukar yara mata a shagonka?