Lauyanmu yana son nas ta duba fayil ɗin asibiti kafin a shigar da ƙara: mene ne amfanin hakan?

Ɗan Gwammaja ya rubuta:

Assalamu alaikum. Wata bakwai ke nan da motar wani kamfani ta buge ƙanena a kan titin Zariya yana tuƙa Adaidaita Sahu, ya samu karaya biyu a ƙafar dama, aka yi masa tiyata aka sa ƙarfe, kuma har yau da sanda yake tafiya. Kamfanin ya biya kuɗin makon farko, daga nan ya yi shiru, shi ya sa muka ɗauki lauya. To, lauyan ya ce kafin ya rubuta komai sai ya kawo wata tsohuwar ma'aikaciyar jinya ta karanta fayil ɗin asibiti gaba ɗaya, kuma mu za mu biya ta. Ni dai a ganina rahoton likita yana hannunmu, da sa hannu da hatimi. Me nas za ta gani wanda likita bai gani ba? Ina neman shawarar waɗanda suka san harkar, domin abin da ya rage a hannunmu ba shi da yawa.

Sista Mai Ritaya ta amsa:

Wa alaikumus salam. Allah Ya ba ƙanenka lafiya, Ya mayar masa da ƙarfin ƙafarsa. Na yi shekaru masu yawa a ɗakin masu karaya kafin na ajiye aiki, don haka bari in gaya maka abin da na sani.

Rahoton da ke hannunka taƙaitawa ce, shafi ɗaya ko biyu, kuma sau da yawa likita yakan rubuta shi ne watanni bayan an sallami majinyaci. Ainihin labarin yana cikin fayil: katin da aka buɗe a ɗakin gaggawa, bayanin likitan da ya fara ganinsa, takardar tiyata, takardar magunguna, hotunan ƙashi, sakamakon gwajin jini, sai kuma rubutun nas-nas, wanda shi ne mutane suka fi rainawa alhali ya fi komai cika. Likita yakan zo zagaye ya wuce, amma nas tana nan safe da rana da dare, ita ce take rubuta zafin jiki da bugun jini, da lokacin da aka wanke ciwo, da ranar da ya fara fitar da mugunya, da daren da majinyaci ya kasa barci saboda raɗaɗi har aka ƙara masa allura.

Lauya, komai iliminsa, idan ka miƙa masa wannan tarin takardu zai ga rubutu ne kamar tafiyar tsutsa. Inda aka rubuta RTA ana nufin hatsarin hanya, alamar # tana nufin karaya, ORIF kuwa yana nufin an buɗe wurin an gyara ƙashin an ɗaure shi da ƙarfe. Idan ya ga GCS 13, ba lallai ya san cewa ma'aunin farkawar mutum ne da yake tashi daga 3 zuwa 15 ba, kuma 13 tana nuna cewa lokacin da aka kawo shi hankalinsa bai dawo daidai ba, wato akwai yiwuwar kai ma ya bugu. Na taɓa ganin fayil da wannan lamba take zaune a shafin farko, amma rahoton ƙarshe bai ambaci kai ba ko sau ɗaya, ga shi mutumin yana fama da ciwon kai da mantuwa.

Aikin nas ɗin shi ne ta jera komai rana bayan rana, ta nuna wa lauya shafin da ya ɓace ko hoton da ba a haɗo ba, ta bambance ciwon da hatsari ya jawo da wanda mutum yake da shi tun da can, sannan ta lissafa abin da ke gaba: gashin ƙashi, komawa ganin likita, da tiyatar cire ƙarfe idan likitoci sun ga buƙatarta. A Amurka wannan sana'a ce mai zaman kanta, har suna da ƙungiya tun 1989. A nan Kano lauya ne yakan nemi wadda ya yarda da saninta.

Wani Lauya ya amsa:

Sista ta yi bayani mai gamsarwa, ni kuma zan ƙara ta fuskar shari'a. Malam, abokin aikina bai cuce ku ba. Kotu ba ta ganin raɗaɗin da ƙanenka ya sha, abin da aka ajiye a gabanta kawai take gani. Diyya a irin wannan ƙara kashi biyu ce. Akwai wadda alƙali yake ƙiyastawa saboda wahala da nakasa, akwai kuma ta kuɗin da aka kashe da wanda aka yi asara, wadda dole a zayyana ta dalla-dalla a takardar ƙara kuma a tabbatar da ita da hujja. Rasit ɗin magani na naira dubu arba'in ba ya wadatarwa idan lauyan kamfani ya tashi ya tambaya wa ya rubuta maganin, kuma don wane ciwo. Nas ce take haɗa kowane rasit da layin da ya dace da shi a takardar magunguna.

Sai dai ku fahimci iyakar aikinta. Dokar Shaida ta 2011, a sashe na 68, ta yarda kotu ta saurari ra'ayin ƙwararre a fanninsa, kuma a kan tambayar ko ƙafar za ta koma yadda take ko nakasar ta zauna ke nan, likitan ƙashi ne za a kira ya yi rantsuwa ya faɗa. Nas tana aiki ne a bayan fage, tana shirya lauya domin ya san abin da zai tambayi likitan, ya kuma san inda ɗaya ɓangaren zai kawo farmaki.

Game da karɓo fayil, Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ɗora wa asibiti nauyin adana bayanan majinyaci da kuma ɓoye sirrinsa, saboda haka ba za a ba ka ba don kawai kai yayansa ne. Ƙanenka ne zai rubuta amincewarsa ya sa hannu, ko kuma kotu ta ba da umarni. Idan asibitin gwamnati ne, a nemi kwafin da aka tabbatar aka buga wa hatimi. Kada kuma ku yi jinkiri, domin kowace ƙara tana da wa'adi, kuma da a ce motar hukumar gwamnati ce, akwai dokar da take iya rufe ƙofa bayan wata uku kacal.

Almajirin Fiƙihu ya amsa:

Abin da zan ƙara ɗan kaɗan ne. Ko a gaban alƙalin Musulunci aka je, ko sulhu aka zauna, buƙatar ba ta canzawa. Malamai sun ƙayyade diyyar rai da raƙuma 100, hannu ɗaya ko ƙafa ɗaya rabin wannan, yatsa raƙuma 10, haƙori 5, kuma a mazhabar Malikiyya ana jira rauni ya warke kafin a yanke hukunci a kansa, domin a san inda ya tsaya. Wanda zai ce gaɓa ta mutu gaba ɗaya ko amfaninta ne ya ragu, ai sai masanin jiki, kuma shi ma da abin da aka rubuta zai dogara.

Ɗan Gwammaja ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Akwai abin da ban faɗa ba, wanda yanzu ya fara damuna. Bayan kwana huɗu a asibitin farko, mahaifiyarmu ta matsa aka ɗauke shi aka kai shi wurin mai ɗori, ya yi kusan mako uku a can, sai da ƙafar ta kumbura ta fara wari muka mayar da shi wani asibitin, inda aka yi tiyatar. Ban gaya wa lauyan ba. Shin dole ne ya sani?

Sista Mai Ritaya ta amsa:

Ɗana, gobe da safe ka je ka gaya masa, kada ka bari ya ji daga bakin lauyan kamfani. Maganar ba za ta ɓoyu ba, domin ranar da kuka ɗauke shi an sa ɗayanku ya sa hannu cewa kun fita ba da shawarar likita ba, kuma takardar tana cikin fayil na farko. A asibiti na biyu ma likitan da ya karɓe shi ya tambayi inda ya kasance, ya rubuta. Duk wanda ya jera ranakun zai ga giɓin mako ukun nan, kuma kamfanin zai ce ɗorin ne ya lalata ƙafar, ba motarsu ba.

A nan ne kuɗin da za ku ba nas zai yi aiki. Za ta ɗauko hoton ƙashi na ranar hatsari ta ajiye shi kusa da na ranar da kuka koma, ta duba ko tun farko an rubuta cewa ƙashin ya huda fata, domin irin wannan karayar tana da haɗarin kamuwa da ƙwayoyin cuta ko da majinyaci bai bar gadon asibiti ba. Za ta duba ko tun a kwana huɗun farko likitoci sun riga sun ce sai an yi tiyata, ko yana da ciwon suga da yake hana rauni saurin warkewa, da irin maganin da aka fara ba shi. Daga nan lauya zai san abin da zai tsaya a kai da ƙarfi da wanda zai sassauta, kuma likitan ƙashi zai sami abin da zai gina ra'ayinsa a kai.

Ku nemo fayil na asibitocin biyu, ba na ƙarshe kaɗai ba. Ku tattara hotunan ƙashin a ambulan ɗinsu, kada a naɗe su ko a bar su a rana, ku haɗa da rahoton 'yan sanda da duk wani rasit komai ƙanƙantarsa. Rasitan kantin magani da inji yake bugawa tawadarsu takan goge cikin 'yan watanni, saboda haka ku yi musu hoto tun yau. Ka kuma zauna da Hajiya cikin ladabi ta tuna maka ranar da aka kai shi wurin mai ɗorin da ranar da aka ɗauko shi, ka rubuta su a takarda ka kai wa lauyan.