Yadda za a kwana da yabi da ransa don yin koton kifi

Mai_Fatsa:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Tambayata a kan yabi ce, wannan ɗan ƙaramin jatan landen da ake zuƙowa da famfon hannu daga yashin bakin teku a gabashin Ostireliya. Sau da yawa da yamma ruwan teku ke janyewa a samu damar zuƙo su, alhali da asuba ake son fita kamun kifayen waitin da birim. To idan mutum ya tara kamar 80 da la'asar, yaya zai yi su kai safe da rai? Bokitin lita 20 ya isa? Kuma shin ana ba su abinci?

Sarkin_Ruwa:
Wa alaikumus salam Malam. Na fara da tambayarka ta ƙarshe: kada ka ba su komai. Yunwar dare ɗaya ba ta kashe yabi. Ƙazantar ruwa da zafi ne ke kashe shi, abinci kuwa ƙazantar kawai zai ƙara.

Aikin tun a bakin ruwa yake farawa. Ka riƙa juye abin da famfo ya zuƙo a cikin rariya mai yawo a kan ruwa, kada ka feshe su a kan busasshen yashi, domin jikinsu laushi ne da shi, ɓawonsu bai kai na jatan landen da aka saba gani ƙarfi ba. Da ka gama, ka ɗauraye su sosai har laka da yashi su fita. Mutane na ganin kamar zuba musu yashi a gindin bokiti gata ne tunda a cikinsa suke zama. Ba gata ba ne. Yashin nan cike yake da ruɓaɓɓun abubuwa da ƙwayoyin halitta waɗanda su ma iskar oksijin suke sha, su za su riga yabin cinye ta.

Daga nan sai tacewa, kuma nan ne yawanci ake yin sakaci. Ka bi su ɗaya bayan ɗaya. Wanda bututun famfo ya yanka, ko ya matse har cikinsa ya fashe, ka ware shi gefe. In za ka jefa ƙugiya a yammacin nan ka fara da shi. Macen da ka ga ƙwai ruwan lemo a ƙarƙashin wutsiyarta, mayar da ita ruwa. Sannan ka tsince duk wani hannu da ya karye ya faɗo. Namiji yana da hannu ɗaya ƙato mai matsewa, kuma cikin cunkoso sukan yar da shi. Hannun nan nama ne a ciki, cikin 'yan sa'o'i zai fara ruɓewa. Matacce ɗaya da hannuwa biyu uku sun isa su gurɓata bokiti, sai na kusa da su su mutu, su ma su ƙara ruɓa, kafin asuba ruwa ya yi fari-fari yana wari babu mai motsi.

Ka ɗebo ruwan teku mai tsabta daban, lita 20 ko fiye, a jarka mai murfi, daga inda ruwa ke gudu ba daga kududdufin da ka dagula ba. Da shi za ka canza musu ruwa: sau ɗaya bayan awa guda da isa gida, lokacin da suka gama fitar da lakar cikinsu, sai kuma kafin ka kwanta. Duk canji ka sake duba matattu. Matacce yana kwance a gefe ko a rigingine, ƙananan ƙafafun ƙarƙashin wutsiyarsa sun daina kaɗawa, jikin ya dushe.

Game da bokiti, faɗi ya fi zurfi amfani, domin ta saman ruwa iska ke shiga. Guda 80 a gindin bokitin lita 20 za su hau kan juna. Ka raba su gida biyu, ko ka samu faffaɗar roba ko kula inda kowanne zai taɓa ƙasa.

Kwale_kwale:
Duk abin da Sarkin_Ruwa ya faɗa haka yake, sai dai ni a ganina ƙaramar na'urar hura iska mai batir, irin ta akwatin kiwon kifi, ba abin da za a yi ta shawara a kai ba ne, a nemo ta kawai. Da ita za ka iya cika ruwa ya kai santimita 15 zuwa 20. In babu ita, kada ruwan ya wuce santimita 5 a kansu, kuma sai ka ƙara yawan canji. Ka sa sabon batir, na'urar da ta tsaya da ƙarfe biyun dare ba ta da maraba da babu. Kumfar kuma ta zama a hankali, a kusurwa guda, kada ta riƙa juya su kamar ana tafasa wake.

Amma a sani, iska ba ta cire amoniya, wato gubar ƙazantar da suke fitarwa, don haka na'ura ba ta ɗauke maka canjin ruwa.

Sai zafi. Ruwan ɗumi ba ya riƙe oksijin kamar mai sanyi, su kuma cikin ɗumi numfashinsu ƙaruwa yake, wato asara ta fuska biyu. Daga Disamba zuwa Fabrairu, tsakiyar lokacin zafi a can, ka ajiye su a inuwa kan daɓen siminti, kada ka bar su a but ɗin mota. Ka daskarar da ruwa a ƙaramar gora, ka rufe ta gam, ka saka a ciki. Kada ka jefa ƙanƙara tsirara: ruwan teku yana da gishiri kusan giram 35 a kowace lita, ƙanƙara na narkewa za ta tsinka shi. Ruwan famfo kuwa kada ma ya kusance su, ga rashin gishiri ga kilorin. Jarkar ruwan canji ta kwana kusa da su don zafinsu ya zo ɗaya.

Wani abu da ake mantawa: man kariyar rana, maganin sauro na shafawa, da ɗigon fetur a hannu. Ka wanke hannu kafin ka tsoma, kuma kada bokitin ya zama wanda aka taɓa jiƙa omo a ciki.

Mai_Fatsa:
Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara sani. To na ji wasu na cewa a nannaɗe su cikin jiƙaƙƙen buhu ba tare da ruwa ba. Wannan fa?

Malam_Kogi:
Ɗan'uwa, a nan ne ake samun ruɗani, domin halittu biyu ne ke amsa sunan yabi a Ostireliya. Naka na teku shi ne Trypaea australiensis, ɗan fari-fari mai ratsin ruwan hoda, da ƙyar yake wuce santimita 6. Na biyun na ruwan daɗi ne, Cherax destructor, mai taurin ɓawo da hannuwa biyu masu ƙarfi, wanda ake kamawa a madatsun gonaki da koguna a yi koton kifin kod na Kogin Murray da shi. Dabarar buhu tasa ce.

Shi na ruwan daɗi yana iya kwanaki a wajen ruwa matuƙar gaɓoɓin numfashinsa na da laima. Idan fari ya zo ma rami yake haƙawa ya jira. Don haka ka shimfiɗa jiƙaƙƙen buhun algarara a cikin kula, ka jera su, ka rufa wani a kai, ka bar ƙofar iska. In kana son ruwa, santimita 1 zuwa 2 ya isa, yadda bayansu zai fito waje. Cika musu bokiti da ruwa ba na'urar iska shi ne ke kashe su, su shanye oksijin su shaƙe a ƙasa. Ka raba manya da ƙanana don suna cin junansu, musamman wanda ya saki ɓawo bai yi tauri ba. Murfin kuma a ɗora masa nauyi, ta bututun iska ma suna hawa su fice.

Na teku ba shi da wannan juriya. Awa ɗaya ko biyu a cikin jiƙaƙƙen ƙyalle a hanya ba laifi, amma kwana, a ruwan teku zai kwana. Firji ma ba na ba da shawararsa gare shi, digiri 4 ya yi masa sanyi da yawa.

Tunda maganar ta zo, dokar kowace jiha daban ce. A New South Wales iyakar mutum ɗaya 100 ne na teku, 200 na ruwan daɗi, kuma dole a saki macen ruwan daɗi mai ƙwai. Tarkon raga rufaffe da aka saba kama su da shi, Victoria ta hana shi a 2019, New South Wales ta biyo baya a 2021, saboda filatifus (wata dabbar ruwa mai baki irin na agwagwa) da kunkuru na shiga su kasa fita su nutse. A Tasmania kuwa haramun ne mallakar Cherax destructor ɗin gaba ɗaya. Ragowar koto na ruwan daɗi kada a juye shi a wani kogin da ba daga nan ya fito ba.

Sarkin_Ruwa:
Ƙari ɗaya don safiya. Kafin ka fita ka yi canjin ƙarshe, kana isa bakin teku ka fara ƙara musu sabon ruwa kaɗan-kaɗan. Ka ɗebi 15 ko 20 a ƙaramar roba kusa da kai, sauran su zauna a inuwa da na'urarsu. Wajen sa wa ƙugiya, yi amfani da siririya mai dogon wuya, lamba 4 ko 6, ka shigar ta ƙarƙashin wutsiya ta bi jikin ta fito kusa da kai. Ka jefa a hankali, in ka fizga da ƙarfi yabin zai tsinke ya tafi nasa wuri, ƙugiya ta faɗa ruwa fanko.