Neman kalma: akwatin da ya haɗa rauta da wayar gida

Mai Fassara: Assalamu alaikum. Ana neman suna ga akwati ɗaya da ya ɗauke aikin na'urori huɗu: modem, rauta mai raba Wi-Fi, adaftar da ake jona wa wayar tebur, da ƙaramar cibiyar juya kira, wato PBX. Turawa "gateway" suke cewa. Irin wanda aka ɗora wa manhajojin OpenWrt da Asterisk nake nufi. Na ga wasu sun rubuta "ƙofar hanya", amma bai kwanta mini ba.

Injiniya: Wa alaikumus salam. Malam, ƙofa ba ta tantance kowa, shi kuwa akwatin nan tantancewa ce sana'arsa. OpenWrt, wadda ta samo asali a 2004 daga rautar Linksys WRT54G, ita ke raba adireshi ga na'urorin gida, ta kuma tare baƙon da ba a gayyata ba. Asterisk, da Mark Spencer ya fara a 1999, ita ke amsa kira ta ce wannan na waya mai lamba 101 ne, wancan na 102. Ni "mahaɗa" na fi so.

Malamar Hausa: Mahaɗa ta yi faɗi, Injiniya, ko soket ɗin bango ma mahaɗa ce. Abin da ka siffanta ai zaure ne. Ta nan ake shiga, ta nan ake fita, baƙo ya tsaya ya yi sallama, a aiki yaro ciki ya ce ana sallama da wane. Juya kira kenan.

Mai Gyaran Rauta: Hajiya, hoton ya fita, sai dai WhatsApp ya riga mu. Ka ce wa mutum zaurensa ya lalace, zai ɗauka an watsar da 'yan guruf ɗinsu ne. A ɗauki "soro" na Kanawa, ma'anar ɗaya ce kuma ba wanda ya taɓa shi: soron sadarwa.

Amma a yi hattara da wanda za a kira haka, don ba kowace rauta ce ta cancanta ba. Mai ma'adanar 4 MB da RAM 32 MB, OpenWrt da kanta ta ce a daina dogaro da ita. A nemi ma'adanar 16 MB da RAM 128 MB ko sama. Sannan ramin FXS, inda wayar tebur ke shiga: ganinsa a bayan akwati ba ya nufin zai yi aiki. Yawanci direban ramin, wato manhajar da ke sa shi aiki, a rufe yake wajen kamfani, sai ka sauya manhaja Wi-Fi ya tashi lafiya, ka ɗaga kan waya ka ji tsit. Wasu masu guntun kamfanin Lantiq ne ke aiki ta chan-lantiq, manhajar da ke haɗa ramin da Asterisk. In ba su ba, sai adaftar waje ko wayar SIP mai kira ta intanet, kun ga an koma akwati biyu.

Injiniya: Na sauka daga mahaɗa. Soro ya ma taimaka wajen bayanin matsala. Ga wadda ta fi yawa: waya ta yi ƙara, an ɗauka, kai kana ji shi ba ya jin ka. Sallamar ta bi ta ƙofa mai lamba 5060 ta shiga, muryar kuma ta RTP, hanyar ɗaukar sauti, take bi, wadda Asterisk ke ware wa ƙofofi 10000 zuwa 20000, sai NAT, mai fassara adireshin gida zuwa na waje, ya tare ta. In Asterisk na zaune cikin soron da kansa, rabin wannan ciwon kai ya tafi, tunda tana ganin adireshin waje kai tsaye. Amma a layin 4G mai CGNAT, wato NAT na kamfanin layi, adireshin ba naka ba ne kai kaɗai, dole akwatin ya riƙa yin rajista wajen mai ba da layi yana sabuntawa a kai a kai.

Kira ɗaya na G.711, tsarin tura murya, bai kai 90 kbps ba a kowane ɓangare. In murya na tsinkewa sa'ad da yara ke loda bidiyo, ba ƙarancin gudu ba ne, cunkoso ne a layin fita. A kunna SQM da CAKE, tsarin da ke rage cunkoso, a saita shi kan kusan kashi 90 cikin 100 na gudun da aka auna. Kuma a rubuta saiti a fayil ɗin pjsip.conf, don an cire tsohon tsarin chan_sip tun Asterisk 21.

Malamar Hausa: To saura siffar manhajar. Kada wani ya ce "buɗaɗɗen soro", mai karatu zai fahimci gida ne ba tsaro. Kada kuma a ce "na kyauta", akwatin da kuɗi ake saye. Manhajar ce a buɗe, kowa na iya karanta ta ya gyara. Cikakken suna: soron sadarwa mai buɗaɗɗiyar manhaja. Jam'i, soraye.

Mai Gyaran Rauta: Buɗaɗɗen soron ma yana faruwa, ranki ya daɗe. A bar 5060 ga duniya da kalmar sirri 1234, masu laluben intanet za su shiga su yi ta kiran ƙasashen waje da kuɗin mai gida. A buɗe wa adireshin mai ba da layi kaɗai. Saƙon murya a tura shi filashin USB don kada rubutu ya cinye ma'adanar ciki. Kuma tunda komai ya dawo akwati ɗaya, aka ɗauke wuta har waya ta mutu, sai a haɗa masa ƙaramin batiri mai 12V.

Mai Fassara: Na gode. Na rubuta soron sadarwa. Wa ke da kalmar FXS da FXO? FXS ke ba waya wuta da ƙara, FXO ke karɓa daga layin waje.