Neman shawara: yaya zan yi da Orwellian da 'yan uwansa?

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina fassara wani sharhin jarida da za a karanta a rediyo, sai na ci karo da kalmomin Turanci Orwellian, Kafkaesque da Palladian. Na gane daga sunayen mutane aka ƙera su. In bar su haka, ko in ƙirƙiro "Orwelanci"? Don Allah a taimaka.

Tsohon malamin Turanci: Wa alaikumus salam ƙanwata. Kada ki ƙirƙiro, mai sauraro zai ɗauka sunan wani yare ne. Ma'anar za ki bi. A littafin labari mai suna 1984 na George Orwell, wanda ya fito a 1949, gwamnati na leƙen asirin kowa har cikin ɗakinsa, kuma Ma'aikatar Gaskiya ce ke shirya ƙarya. Ki ce "mulkin sa ido da murɗe gaskiya". Ki kula fa, Orwell tir ya yi da irin wannan mulki, sai ga sunansa ya manne da abin da ya tsana. Kada fassararki ta sa a zaci shi ya kawo shi.

Wata ɗaliba: Anti, Kafkaesque daga Franz Kafka ne, mutumin Prague mai rubutu da Jamusanci. A labarinsa na shari'a da aka buga a 1925, bayan rasuwarsa, an kama wani mutum mai suna Josef K. ba a taɓa gaya masa laifinsa ba, ana ta je-ka-ka-dawo da shi. Ni "wahalar ofis marar kan gado" zan ce.

Mai zanen gine-gine: Palladian daban yake, Hajiya, salon gini ne. Andrea Palladio mai zanen gine-gine ne ɗan Italiya, ya rasu a 1580. Gininsa dama da hagu daidai wa daida, ginshiƙai a gaba irin na Rumawan da. Inigo Jones, wani mai zanen gine-gine ɗan Ingila, shi ne ya kai salon ƙasarsu. Nan sai kin ambaci sunan: "gini irin na Palladio".

Wani ɗan uwa: Malam, da girmamawa, ai mu ma muna yi. Malikiyya, Tijjaniyya, har Kwankwasiyya.

Tsohon malamin Turanci: Gaskiyarka, amma waɗannan kowa ya san masu sunan, kuma mabiyansu ake nufi. Orwell ba shi da mabiya a wannan kalmar.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai. Biyun farko zan bi ma'ana, na ginin kuma zan bar sunan in ƙara gajeren bayani.