Batirin lemar tashi mai inji ya ƙi tada injin

Assalamu alaikum ƴan'uwa. Daga Tawa nake, kuma kwana tara ke nan wannan abu ya hana ni sukuni.

Lemar tashi ce mai inji a baya, wadda ake tadawa da maɓalli. Batirinta LiFePO4 ne, wani nau'in batirin lithium, mai gida huɗu, wato ƙananan batura huɗu ne a haɗe a cikinsa. In na yi masa caji na bar shi ya kwana, mita na nuna volt 13.3, kamar lafiya lau. Ina danna maɓalli sai in ji "ƙas, ƙas", farfela ta ɗan motsa ta tsaya, mita ta faɗi ƙasa da 8. Da igiya kuwa, ja biyu injin ya tashi.

Na goge kawunan batirin, na ɗaure wayoyi. Wani bakanike ya ce mini, "Alhaji, ai irin wannan ko ya kusa ƙarewa 13 zai nuna maka, sai an ɗora masa nauyi ake gane gaskiyarsa." Na yarda da shi. Abin da ke cin raina, sau biyu na sa masa cajar batirin babur, kuma ya yi wata guda a ɗakin kwano cikin zafin Afrilu.

Don Allah, yaya zan auna kowane gida daban, tunda a rufe yake? Kuma ta yaya zan bambance laifin batiri da na sitata kafin in aika Yamai neman sabo? Wayar fulogi nake cirewa kafin kowane gwajin batirin, saboda farfela.